Abin da Ba a Ajiyewa a Ƙasa

Ranar da aka wayi gari ƙofar rumbun Kudan a buɗe, tun kafin hantsi mutanen unguwa sun gama shari'a, sun yanke hukunci, har sun zaunar da ɓarawon a ƙasa a gindin darbejiya. Abu ɗaya kawai ya rage musu, shi ne su gano ko shi ɗin ne ya yi satar.

Rumbun nan ba na hatsi ba ne. Ɗaki ne mai sanyi a bayan ofishin kamfanin Fadama Uku, masu sayen rake da tumatir da barkono a hannun manoma. A cikinsa akwai na'ura cike da fayafayan ajiya, inda ake tara taswirar gonaki da hotuna da muryoyin mutane, domin kamfanin ba ya ƙulla harka da gona sai mai ita ya faɗi iyakarta da asalinta da bakinsa a gaban shaidu, an naɗa. Irin wannan ɗaki uku ne, ɗaya a Ikara, ɗaya a Makarfi, ɗaya a Kudan. Mutane suka sa musu suna rumbu, sunan kuwa ya bi su.

Wanda aka zaunar a ƙasa Barnaba ne, ma'aikacin da ke lura da na'urar Kudan. Yana da mukullin ɗakin, kuma ba a fasa ƙofa ba. Ban da haka, kowa ya san rigimar fadamar bakin rafi. Gidan su Barnaba suna cewa marigayi Malam Auwal kyauta ya ba mahaifinsu Clement, 'ya'yan Malam Auwal kuma suna cewa aro ne. Tsofaffin biyu duk sun rasu, amma an naɗi muryarsu tun suna da rai, kuma ranar Alhamis mai zuwa za a kunna a gaban Dagaci. To, wa zai sace murya in ba wanda za ta ƙaryata ba? Haka jama'a suka ɗauka. Dagaci ya ce zai jinkirta zuwa la'asar, in ba a ga wani haske ba ya miƙa shi ga 'yan sanda.

*

Wasila ce injiniyar da rumbunan uku ke hannunta. Da asuba ta ga layin Kudan ya koma ja a kwamfutarta a Ikara, ba ta tsaya karyawa ba ta biya ta ɗauko Baba Maiwada, mutumin Paki, wanda ya tsufa yana bin sawun ɓarayin shanu. Maiwada ba ya son mota, ba ya son sauri, ba ya kuma son a gaya masa wanda ake zargi kafin ya duba ƙasa.

Suka tsaya a bakin ɗakin. Na'urar tana nan, amma ramukan faifan duk wayam.

"'Yar nan, gaya mini abin da aka ɗauka, da Hausar da zan gane," in ji shi.

"Baba, duk abin da muka ajiye, na'ura tana rarraba shi tsakanin garuruwan nan uku. Kowane gari yana riƙe da yanki. In aka haɗa yankin gari biyu, kowanne biyu ne, abin ya dawo cif. Amma yankin gari ɗaya shi kaɗai ba ya karantuwa."

"To ai da sauran biyu."

"Da haka ne da ban taso ka ba. Makon jiya tsawa ta ƙone na Makarfi. Sabuwar na'ura ta iso, yau ɗin nan zan fara cika ta daga Ikara da Kudan. Yanzu Ikara kaɗai ta rage. In fayafayan nan ba su dawo lafiya ba, aikin shekaru ya tafi, har da muryoyin mutanen da ba za su sake magana ba."

Maiwada ya jinjina kai. "Ba a iya goge abu ɗaya a bar saura?"

"Ni kaina ba zan iya ba. Haka na kulle shi, kuma na gaya wa ma'aikata. Mai son ɓatar da abu ɗaya dole ya ɓatar da duka."

"Wa ya san Makarfi ta mutu?"

"A nan mutum uku ne. Barnaba, da Malam Ashafa shugaban ofis, da Ukasha mai awon gonaki."

"Ke kin taɓa jin muryar da ake rigima a kai?"

"Ajiya aka ba ni, Baba. Ba na buɗe abin da ba a ce in buɗe ba."

Wannan amsa ta yi wa tsohon daɗi, ko da yake bai nuna ba.

An yi ruwa da iska jiya da yamma, maigadi ya tafi gida saboda kwanon ɗakinsa ya yaye, kyamarar ƙofa kuma ta mutu tare da wuta. Amma ruwan da ya kori maigadi shi ya tausasa ƙasa. Maiwada ya sunkuya, hannuwa a baya, yana tafiya a hankali. Sawun takalmin ruwa ne, irin dogayen nan na roba da ake jerewa a barandar ofis don duk mai shiga fadama ya zura. An ma tsinci takalman a bakin kwalta, inda sawu ya ƙare. Takalmin kowa ne, saboda haka ba na kowa ba ne.

A bakin babbar ƙofa ya daɗe. Ƙofar ƙarfe ce mai nauyi da ke jan ƙasa, ba ta buɗuwa sai da hannu biyu. Sawun ya zo daf da ita, sai ya karkata zuwa katanga, ya dawo, ya sake komawa katangar, sannan ya fita. Maiwada ya tsuguna a gindin katangar yana kallo har ƙafarsa ta yi sanyi. Ya miƙe ya nemi a kai shi wajen mutanen uku.

*

Barnaba bai yi kuka ba, bai kuma yi rantsuwa ba. Laka ta ɓata masa wando, matarsa Agnes tana tsaye nesa da kwanon abincin da aka hana ta miƙa masa.

"Baba, fayafayan nan su ne kaɗai shaidar da nake da ita a duniya," ya ce. "Ba na wajen ranar da aka naɗa, ina makaranta a Zariya. Amma mahaifina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ya ce kyauta ce."

"In kuma aka kunna aka ji aro?"

"Sai in fita daga fadamar. Amma in ji da kunnena tukuna."

Wani daga cikin taron ya ce, "Ji shi da bakin iya tsara magana." Aka yi dariya. Dariyar ta ɓata wa Maiwada rai, domin ya sha ganin irin ta, kuma bai taɓa ganin ta kamo ɓarawo ba.

Malam Ashafa, babban ɗan marigayi Malam Auwal, ya karɓe shi a ofis da doguwar gaisuwa da ruwan sanyi. Mutum ne mai natsuwa, mai farin gemu kaɗan, shi ke jan salla a ƙaramin masallacin unguwa in liman ba ya nan. Ya ce mukulli na biyu yana cikin durowarsa, durowar kuma ba a kulle ta. Ya ce yana wajen ranar da aka naɗi muryar, kuma aro mahaifinsa ya ce.

"Ban so abin ya kai haka ba," ya ce. "Yaron nan a gabana ya girma."

Maiwada yana saurare, idonsa yana yawo. A can saman kabad, sama da komai na ɗakin, akwai wani kwali an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai tsabta. Ya dube shi, ya dubi agogon bango, ya sha ruwansa ya yi godiya.

Ukasha kuwa tun kafin a tambaye shi ya fara zufa. Mai shayin bakin titi ya ce ya gan shi da sassafe a kan babur, ya ɗaure wani abu a baya, ya nufi Makarfi. A Makarfi kuma akwai 'yan gwangwan da ke sayen kowane irin ƙarfe ba tambaya. Nan take rabin taron suka sauya sheƙa, suka fara tuna cewa dama idon Ukasha bai taɓa kwanta musu ba.

"Me ka kai Makarfi?" in ji Maiwada.

"Kaya ne, Baba."

"Kayan wa?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. Sai da aka yi waya Makarfi aka ji gaskiya. Zabbi ya kai gidan su wata Khairat, domin mahaifiyarta ba ta da lafiya, shi kuma yana neman shiga tun bara bai samu fuska ba. Aka bushe da dariya, wani ya ce ashe angon ɓoye gare su a ofis. Maiwada ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya sa zabbin su yi aiki. Taron kuma ya juya ya koma kan Barnaba, kamar ba su taɓa barinsa ba.

*

Rana ta take tsaka lokacin da Maiwada ya kira Wasila gindin katanga.

"Duba nan. Kan takalmin ya nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Mutumin ɗage ya yi. Ya ɗora kayan a kan katanga, ya je ya ja ƙofa da hannu biyu, ya dawo ya sake ɗage ya ɗauka."

Wasila ta taka dutse ta leƙa. A kan katangar, gansakuka ta kwanta daidai faɗin ƙunshi.

"Baba, wannan ai ya ƙara ɗaure Barnaba. Za a ce wanda ya san faifai ba ya son laima ne ya ƙi ajiye shi a laka."

"Haka na fara tunani. Amma juya ki ga."

Ta juya. Kusa da ƙofar, ƙarƙashin rumfar maigadi, ga benci a bushe ƙayau, ko miƙa hannu mutum ya yi zai kai.

"Ke da kika san kayan," in ji Maiwada, "da ke ce, ina za ki ajiye?"

"A benci mana. Katangar a jiƙe take, ga tsawo. Faifai in ya faɗo daga nan ya gama aiki. Abin da na fara koya wa Barnaba ke nan, a ajiye shi ƙasa-ƙasa a wuri mai faɗi. Ko a kan tebur ba ya yarda ya sa shi a gefe."

"To kin ga. Mai sayar wa 'yan gwangwan a laka zai yar, bai damu ba. Wanda ya san aikin a benci zai sa. Wannan bai ji tsoron ruwa ba, bai ji tsoron faɗuwa ba. Abin da ya ƙi shi ne ya ajiye a inda ake zama, ko a inda ake takawa. Tun safe nake tambayar kaina, mene ne mu mutanen nan ba ma ajiyewa a ƙasa?"

Wasila ta ce a hankali, "Abin da ke da sunan Allah."

"Akwai shi a ciki?"

"Kusan kowace murya da bisimilla take farawa, da fatiha ake rufewa." Ta dafe baki. "Baba, faifai in ya mutu, ƙa'idar aikinmu a farfasa shi da guduma don kada wani ya tono abin ciki. Bara na zo zan fasa na nan, aka hana ni. Aka ce ba za a sa guduma a kan sunan Allah ba. Na yi bayani har na gaji, na bar su."

"A kwali, a saman kabad, an rufe da farin ƙyalle," in ji Maiwada.

Idonta ya ciko. Malam Ashafa ne ya karɓe ta ranar da ta fara zuwa Kudan, lokacin da wasu ke cewa mace ba za ta iya da injin ba, shi ya tsaya mata.

"Kada ki yi baƙin ciki duka," in ji Maiwada. "Wanda ya kasa fasa matattu ba zai fasa masu rai ba. Kayanki suna nan lafiya, a wuri mai tsabta, kuma a sama."

Da aka kira azahar ya tafi ƙaramin masallacin unguwa. Ya yi salla a sahun baya, ya jira kowa ya watse, sannan ya tambayi ladan inda suke tara tsofaffin takardun Alƙur'ani da suka yayyage. Ladan ya nuna masa wani katako da aka gitta can kusa da rufi, inda buhuna suke jere, ya ce sai an shekara ba a taɓa su ba. Maiwada ya dubi bango. Ƙura ta kwanta ko'ina, ban da inda ƙafar tsani ta goga.

*

Bayan la'asar zauren Dagaci ya cika har waje. Dagaci yana kan kujera, dattawa a kan tabarma, Malam Ashafa a cikinsu kusa da ƙofa, Ukasha da Wasila a gefe. Barnaba kuwa a ƙasa aka sake zaunar da shi, a bakin zaure kusa da tarin takalma.

Maiwada ya zo a makare, rungume da wani ƙunshi a cikin koren ƙyalle. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa yana kokawa da maɗaurin takalminsa da hannu ɗaya, kamar tsohon da ƙarfi ya ƙare wa. Ya yi tsaki, ya sunkuya, ya nufi ƙasa da ƙunshin, daidai kan takalman mutane.

"Kada ka ajiye a nan!"

Malam Ashafa ne. Ya riga ya miƙe a kan gwiwa, hannuwansa biyu a ƙarƙashin ƙunshin. Maiwada bai saki ba, dama bai yi niyyar saki ba.

"Malam," ya ce a hankali, "ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba."

Maiwada ya miƙa wa Wasila ƙunshin, ya gaishe da Dagaci, sannan ya faɗi abin da ya gani a gindin katanga, da bencin da aka tsallake, da tsanin masallaci. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara gishiri ba.

Dagaci ya ce, "Ashafa, kana da magana?"

Malam Ashafa ya daɗe yana kallon hannuwansa. "Ranka ya daɗe, ranar rabon gado ƙannena suka taso, gonaki ba su isa ba. Na ce musu su kwantar da hankali, fadamar bakin rafi aro ce, za a karɓo. Sau ɗaya na faɗa don a tashi lafiya. Daga nan maganar ta fi ƙarfina, kullum sai na sake faɗa. Da na ji Makarfi ta ƙone, Shaiɗan ya nuna mini hanya. Na yi niyyar jefa su a rijiya. Na je har bakin rijiyar, na kasa."

"Na san ka kasa," in ji Maiwada. "Kuma don ka kasa ne ban raina ka ba. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai, Malam. Ka yi ɗage a cikin laka don kada ƙarfe ya taɓa ƙasa saboda sunan Allah. Ga mutum nan, Allah ne ya yi shi, tun safe yana zaune a ƙasa saboda kai. Ka wuce shi ka tafi masallaci, ka dawo ka sake wuce shi."

Babu wanda ya ɗaga kai. Waɗanda suka yi dariya da safe duk suka shiga gyaran hula.

Wasila ta tafi da fayafayan, Ukasha ya raka ta. Ta mayar da kowanne raminsa bisa lambar da ta rubuta a jikinsa, ta kunna, ta tsaya tana kallon fitilun har suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Kudan ta gaisa da Ikara. Kafin ta nemo komai sai da ta sa aka fara cika na'urar Makarfi, domin ba ta son ta sake kwana da rumbu biyu kacal. Sannan ta dawo zauren da wayarta, Dagaci ya ce ba sai an jira Alhamis ba.

Muryar ta fito da 'yar shaƙewa irin ta tsufa. Malam Auwal ya yi bisimilla, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya zana iyakar fadamar daga tsamiya zuwa bakin rafi. Sannan ya ce, "Wannan na ba Clement kyauta, shi da 'ya'yansa, saboda zaman amana da muka yi. Ga ɗana Ashafa nan zaune. In ba na nan, shi zai tsaya a kan maganar, don na san ba zai ci amanata ba."

Malam Ashafa ya sauka daga tabarma. Ya ja jiki ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

Naɗin bai ƙare ba. Aka ji wani ya yi gyaran murya, ya ɗan yi dariya, ya ce, "Na gode, Malam. Allah ya bar zumunci." Daga nan aka shafa fatiha.

Dagaci ya ce a kawo wa Barnaba tabarma, ya tambaye shi abin da yake so a yi, ko a kira 'yan sanda, ko a bar wa dattawa. Barnaba bai ko dubi tabarmar ba. Idonsa yana kan wayar da ke hannun Wasila, hawaye suna bin fuskarsa a karo na farko tun safe.

"Ranka ya daɗe, wannan a bari sai gobe," ya ce. "Malama, don Allah ki ɗan mayar baya kaɗan. Wajen da Babana ya yi dariya."